Hankicin da Profira Ta Bari

Profira Ciobotea ta rasu ranar Talata, farkon Nuwamba, tana da shekara saba'in da huɗu. A wurin jana'iza Fada Teofil, limamin cocinmu, ya yi magana a kanta, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa. Amma shi shekara shida ya san ta, ni kuwa hamsin da ɗaya. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna. Aji bakwai na yi a makaranta, hannuna kuma ya fara rawa, wanda ya karanta ya yi mini haƙuri. Sunana Domnica. Ita Nica take ce mini, kuma tun da ta tafi ba wanda ya sake kirana haka.

Abu ɗaya ta so a ƙarshen rayuwarta ba ta samu ba: wani tsoho mai suna Gavril ya karɓi sadaka daga hannunta ya ci abinci. Sai na fara daga farko za a gane dalili.

Mun haɗu a ɗakin fitilu na ramin kwal, muna 'yan mata. Aikinmu mu miƙa wa kowane mai haƙa fitilarsa ta wata ƙaramar taga idan zai shiga, mu karɓa idan ya fito, mu goge, mu sa a caji. Kowace fitila da lambarta, kowace lamba da ƙusarta a bango. Idan aka tashi aiki kika ga ƙusa ba fitila, to akwai mutum a ƙarƙashin ƙasa. Tagar tana ƙasa-ƙasa, ba fuska muke gani ba, hannuwa ne. Ni lamba nake dubawa. Profira kuwa hannu take dubawa. Tana ganin hannun ta san mai shi, ta san ko ya sha jiya, ta san ko matarsa ta yi yaji.

Ta wannan tagar ta samu miji. Ilarie sunansa, fitila mai lamba ɗari biyu da sha huɗu. Kullum sai ya ce, "Yarinya, ba ni wadda ba ta mutuwa." Ita kuma ta ce, "Ai irin hankalinka ce, tana kamawa tana ɗaukewa." Wata takwas suna wannan kafin ya sunkuya ya leƙa ya ga fuskarta. Sun yi aure, sun haifi ɗa ɗaya, Traian.

Yau shekara talatin da biyu ke nan, wata ranar Alhamis da ƙarfe biyu na rana, fitilu suka dawo duka ban da biyu. Ta Ilarie, da ta Gavril Stancioi, shugaban masu aikin safe. Rufin wani lungu ne ya rufto. Muka zauna muna kallon ƙusoshi biyun nan har wajen ƙarfe shida. Sai Gavril ya fito da Ilarie a bayansa. Ya kwantar da shi, ya zo da kansa ya ajiye fitilu biyun a taga. Profira ta karɓa, ta goge su, ta rataye kowace a ƙusarta, sannan ta zauna a ƙasa.

Masu bincike suka ce ba laifin kowa ba ne. Amma ranar ba Ilarie ya kamata ya je lungun ba, wani ne ba shi da lafiya, Gavril ya tura shi a madadinsa. Daga ranar Gavril bai sake kallon Profira ba. Wani yake aikawa ya karɓo masa fitila. Idan ya hango ta a titi sai ya tsallaka. Ga shi benenmu da nasu suna kallon juna, fili ne kawai da igiyoyin shanya a tsakani.

"Ni ban riƙe shi a zuciya ba, Nica," ta sha faɗa mini. "Dutse ne ya faɗo. Da bai ɗauko mini shi ba, da ba ni da kabarin da zan zauna a bakinsa. Amma yaya za ki gaya wa mutumin da ke gudunki?"

Da aka rufe ramin, garin ya fara zubewa kamar buhu mai huji. Traian ya tafi Italiya aikin shimfiɗa tayil. Yana bugo waya duk Lahadi, daga baya Lahadi ɗaya cikin biyu. Ba mugun yaro ba ne, nisa ne. Nawa mijin ma ya rasu, ban kuma taɓa haihuwa ba. Ina hawa na ƙasa, Profira tana samana. Duk safiya ƙarfe bakwai takan ɗauki cokali ta buga bututun ruwan ɗumama ɗaki sau uku, ni ma in buga sau uku. Ma'anarsa mun wayi gari. Rediyonta ba ta kashe shi duk yini, wai don a ji kamar da mutane a gidan.

Ta samu aikin sayar da kyandir a bakin ƙofar coci. Ƙaramin tebur, akwatin kyandirori sirara da masu kauri, da kujera mai ƙafa ɗaya gajera. Ta koma kallon hannuwa. Wadda ta saba sayen mai kauri ta koma siriri, wadda ta daɗe tana lalube cikin jaka sannan ta ce ta manto kuɗin a gida, duk Profira tana gani, ba ta cewa komai.

Da, coci ledoji take rabawa, manya masu launin rawaya, da mai da fulawa da sukari da shinkafa. Launin nan daga nesa ake hango shi. Mace ta ɗauko leda, duk tagogin unguwa sun cika da ido. Wasu sukan zagaya ta bayan garejoji, wasu suka daina zuwa. Ga shi mai ciwon sukari ma sukari ake ba shi. Da Fada Teofil ya zo, saurayi mai ɗan gemu, sai ya kawo dabara. Abin da aka tara a coci, da abin da 'ya'yanmu na Italiya da Sifen suke aikowa, sai a sayi katunan babban kantin bakin tasha. Kati ɗan ƙarami, yana ɓuya a tafin hannu, irin wanda kamfanoni ke ba ma'aikatansu lokacin Kirsimeti, don haka mai karɓar kuɗi ba za ta san daga ina ya fito ba. Mutum ya sayi abin da cikinsa ke so, ban da giya da taba.

Dabarar ta yi kyau, sai dai ya ɓata ta da bakinsa. Ranar Lahadi bayan addu'a ya sanar cewa duk mai bukata ya zo ofishinsa ranar Litinin ya sa hannu ya karɓa. Ya zauna tun safe har la'asar da tarin katuna a gabansa. Mutum uku suka zo, su ma waɗanda dama suke bara a bakin kasuwa ne.

Ina wurin ina share dandamali lokacin da Profira ta shiga ta same shi.

"Fada, a ina aka haife ka?"

"A Bucharest, babban birni, Tanti Profira," ya ce, wato inna.

"Ai na ga alama. Mutanen nan sun shekara talatin suna shiga ƙarƙashin ƙasa don kada su roƙi kowa. Kai kuma kana so su yi layi a ƙofarka su sa hannu cewa suna jin yunwa."

"To in jefa musu ta taga?"

"Ba ni su. Kai ka tsaya kan addu'a, ita ka iya."

Ya yi dariya ya miƙa mata. Ta je kasuwa ta sayo hankici masu arha, farare da shuɗin baki, irin waɗanda muke rabawa a jana'iza. A kusurwar da ake ɗaure kwabo, nan ta ɗaure kati. Ta haɗa da kyandir siriri da ɗan zagayayyen burodi. Ranar Asabar, ranar mamata, sai ta bi gida-gida. Ta ƙwanƙwasa, ta kunna kyandir, ta ce, "Domin ran wane." A wurinmu mutum zai iya ƙin kyauta, zai iya ƙin taimako, amma ba ya ƙin sadakar mamaci, domin abin da ka karɓa ka ci shi ne yake isa gare shi a can. In ka ƙi, ba kanka ka hana ba, shi ka hana. Ba a kuma cewa an gode. Bogdaproste ake cewa, kalmar kakanninmu, kuma sai an faɗe ta sadakar take tafiya.

Sunayen kuwa daga maƙabarta ta samo su. Ta zagaya ta rubuto na kaburburan da ciyawa ta rufe, waɗanda 'ya'yansu suka tafi ko suka ƙare. Fada ya ce shin wannan ba wayo ba ne.

"Wayon me? Wannan yana jin yunwa a sama, wancan yana jin yunwa a ƙasa. Na haɗa su ne kawai."

Daga nan shi ma ya fara karanta sunayen a addu'ar Asabar. Ni nake riƙe mata jaka idan za mu zagaya. Na ga matar da ta taɓa koro mu da ledar rawaya ta miƙo hannu biyu, ta yi alamar gicciye, har tana tambayar wane ne marigayin, wai ta san ƙanwarsa. Profira tana da doka ɗaya: idan an raba ranar Asabar, Litinin da Talata ba ma zuwa kantin. In kuma tsautsayi ya sa muka haɗu da wani a ciki, to mu juya mu karanta kwalin sabulu har ya fita.

Haka muka yi shekara uku kafin ta lura da Gavril.

Ba wanda zai yi zaton haka. Matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai a hawa na huɗu, amma fanshon shugaba ba ƙarami ba ne. Kullum da nakatayal, takalmi yana sheƙi. Abin da ba mu sani ba sai daga baya, kusan duka yana tura wa 'yarsa a Craiova, wadda mijinta ya tsere ya bar ta da ɗiya mai ciwon ƙoda. Profira a kantin magani ta gane. Yana gabanta a layi, bai san tana bayansa ba, ya ɗora hannu a kan kanta. Ta dawo ta same ni ina yankan albasa.

"Zoben aurensa ya koma yatsan tsakiya, Nica."

"Na wa?"

"Na Gavril. Kuma a nan ma yana yawo."

Da muka sa ido sai muka ga sauran. Yana zuwa kasuwa dab da tashi ya tsinci ganyen kabeji, wai na zomonsa. Yana karɓar busasshen burodi a gidan burodi, wai na tattabaru. Wa ke kiwon zomo a hawa na huɗu? Matar da ke ƙasansa ta ce ta manta rabon da ta ji ƙamshin girki daga sama.

Ni ta fara aikawa, tunda ni ba ya guduna. Na hau, na kunna kyandir, na ambaci sunan wani tsoho daga maƙabarta. Ya saurare ni cikin ladabi ta tsakanin sarƙar ƙofa.

"Maƙwabciya, ni ba na shiga cocinku, kin sani. Ki kai wa masu bukata."

Ya rufe a hankali, kamar mai tsoron ya tashi wani daga barci.

Profira ta jira har ranar da Ilarie ya cika shekara talatin. Gwiwoyinta sun riga sun lalace, kowane hawa sai ta tsaya ta huta, ina bayanta da jaka. Da ya buɗe ya gan ta, na ɗauka faɗuwa zai yi. Rabonsu da tsayawa fuska da fuska tun ranar fitilun nan biyu.

"Nea Gavril," ta ce, yadda muke kiran dattijo don girmamawa, "domin ran Ilarie."

Ya kalli hankicin, ya kalli bango.

"Ba ni za ki ba ba."

"Sadakar namiji namiji ake ba. Wane namiji ya rage a layin nan da ya san shi?"

"Matattu ba sa ci, Profira. Na gan su da idona."

"To masu rai fa? Su ma sun daina?"

"Ni a ƙoshe nake."

"Da me, shugaba? Da kabejin zomon da ba ka da shi?"

Tana faɗa ta san ta yi ɓarna. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya gyara nakatayal ɗinsa ya rufe ƙofa. Ta ajiye hankicin a kan tabarmar goge ƙafa, muka sauko. A hawa na biyu ta zauna a kan matakala ta fashe da kuka.

"Shekara talatin ina shirya abin da zan ce masa, Nica. Ki ga abin da bakin nan ya fito da shi."

Washegari ta tarar da hankicin a akwatin wasiƙunta. Katin yana nan, burodin ma yana nan, ko gutsure bai yi ba. Sai dai ya kwance ƙullin ya sake ƙulla shi, irin ƙullin masu aikin rami wanda ba ya kwancewa. Ta daɗe tana shafa ƙullin da babban yatsa. Burodin ta ba tattabaru na gaske. Hankicin kuwa ta sa a aljihun rigar aikinta, ya zauna nan kusan shekara biyu. Idan wa'adin katin ya kusa ƙarewa sai ta kai wa Fada ya canja mata, ta zare tsohon ta gefe ta cusa sabo don kada ta taɓa ƙullin. Duk la'asar takan tsaya a tagarta ta kalli tasa, ko za ta ga tururin tukunya a jikin gilashi. Ba ta taɓa gani ba. Shi kuwa yana ta ramewa cikin kwat ɗinsa, yana tsallaka titi kamar da.

A watan Oktoba zuciyarta ta fara ba ta wahala. Muna zaune a kicin ɗinta muna zura jan barkono a zare don hunturu, sai ta ajiye allura.

"Idan na riga ki, ranar arba'in ɗina ki kai masa."

"Ni zan riga ki."

"Ke? Ke da ko mura ba kya yi, mugunta ta tsare ki." Ta ciro hankicin ta ɗora a kan tebur. "Kada ki ce na Ilarie ne. Ki ce nawa ne. Ya iya rufe wa mai rai ƙofa, in ga ko zai iya rufe wa gawa."

"Daina wannan maganar, kina ɓata mini barkono."

"Kuma ki riƙe bakinki, kada ki yi irin nawa. Ba zomo, ba tattabara."

Ranar Talatar nan ƙarfe bakwai ta yi, bututu bai yi ƙara ba. Na buga nawa sau uku. Na jira, na sake bugawa. Sai na ɗauki makullinta na hau. Tana zaune a kujerarta ta bakin taga, rediyo yana ba da labarin yanayi, takalmi ɗaya a ƙafarta, ɗaya a hannunta. Fuskarta ba wahala. Na sa mata ɗaya takalmin, ban san dalili ba, sannan na kira Fada.

Traian ya zo ya yi kwana biyu. Ya yi komai yadda ya kamata, ya yi kuka na gaske, ya koma domin aiki ba ya jira. An yi ruwa ranar jana'izar. Mu da muke bakin kabari ba mu da yawa. Amma can jikin shinge na hango mutane tsaye ɗai-ɗai, kowa da laimarsa, ba mai kallon ɗan'uwansa. Na san su duka, na riƙe jaka a ƙofar kowannensu. Ba su matso ba don kada a tambayi abin da ya haɗa su da ita. Gavril bai zo ba. Da muka wuce da gawa ta tsakanin benayen, na ɗaga kai na ga labulensa ya motsa.

Arba'in ɗinta ya faɗo tsakiyar Disamba, dusar ƙanƙara ta rufe igiyoyin shanya. Traian bai samu zuwa ba. Ni na dafa koliba, alkamar mamata da sukari, na yi mata gicciye a sama da garin koko, ya karkace saboda hannuna. Mu tara ne a coci har da Fada. Da aka gama na raba abin da za a raba, na ɗauki hankicin da sabon burodi da ashana na tsallaka filin.

Hawa huɗun nan ban taɓa jin tsawonsu kamar ranar ba. A hawa na biyu na tsaya inda ta zauna ta yi kuka.

Ya daɗe kafin ya buɗe. Yana sanye da babbar rigar sanyi a cikin ɗaki, nakatayal yana leƙowa daga wuya. Sanyin da ya fito daga gidan ya fi na matakala. Kumatunsa sun faɗa. Na ƙyasta ashana ta mutu, na ƙyasta ta biyu ta karye. Yana tsaye yana kallona. A ta uku kyandir ya kama.

"Nea Gavril, domin ran Profira."

Ya ga ƙullin ya gane shi. Na ga ya gane.

"Allah ya gafarta mata," ya ce a hankali. "Amma sadakar mace mace ake ba, maƙwabciya. Ita da kanta ta koya mini dokar."

"Wannan na tufafi ne. Ba siket na kawo maka ba."

"Akwai mata da yawa a unguwar nan."

"Kai ta ce."

Ya kama ƙofa zai tura. Na yi alkawarin riƙe bakina, amma kuka ya riga ni.

"Ni ban damu da cikinka ba, ka ji in gaya maka. Ka ci, kada ka ci, kai ka sani. Ita na damu da ita. Shekara biyar tana ciyar da matattun mutane, waɗanda ko sanin su ba ta yi ba. Yau kwananta arba'in a can. Ɗanta yana Italiya, ni kaɗai gare ta, kuma abu ɗaya ta bar mini. In ka rufe ƙofar nan, me za ta ci?"

"Kin yarda da wannan, Domnica?"

"Ita ta yarda."

Ya tsaya, hannunsa a kan ƙofa. Kakin kyandir ya ɗigo mini a yatsa, ban motsa ba. Daga ƙasa ana jin wani yana kwashe ƙanƙara da shebur.

"Ba shi ya kamata ya je lungun ba," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ni na ce ya je."

"Ta sani."

"Wa ya gaya mata?"

"Ba ita ke riƙe da takardar masu shiga ba? Tun ranar ta sani. Ta ce dutse ne ya faɗo. Ta ce da ba ka ɗauko mata shi ba, da ba ta da kabarin da za ta zauna a bakinsa. Abin da ta hawo ta gaya maka ke nan, sai zomo ya shiga tsakani."

Wani abu ya fito daga maƙogwaronsa, ban san ko dariya ba ce ko tari. Ya zare sarƙar ƙofa. Sannan ya miƙo hannu, kamar yadda yake miƙowa ta tagarmu a da. Zoben yana nan a yatsan tsakiya, ya naɗa masa zare don kada ya zame. Na sa masa hankicin da burodin, na sa kyandir a ɗaya hannun.

Na tsaya. Shi ma ya tsaya.

"Me kuma?"

"Ka sani."

"Rabona da kalmar nan tun ina ƙarami a ƙauye, hannuna cikin na kakata."

"Ba ta canja ba."

Ya kalli harshen wutar. Leɓɓansa suka motsa sau ɗaya ba sauti. Sannan ya ce, "Bogdaproste," ƙasa-ƙasa, amma na ji, kuma na tabbata ba ni kaɗai na ji ba.

Na juya na kama ƙarfen matakala na sauko.

Ranar Litinin gishirina ya ƙare. Na manta da dokar, domin mai tuna mini ba ta nan. Ina shiga kantin na hango babbar rigar sanyin nan a wurin biya. A gabansa akwai garin masara, wake, kwalbar mai, albasa, ƙwai, da ɗan guntun cuku. Ya ciro hankicin daga aljihun ƙirji, ya tsaya yana fama da ƙullin da shi ya ƙulla, yarinyar kantin tana jiransa. Na juya da sauri na ɗauki kwalin sabulu. Na karanta gabansa, na karanta bayansa, har da inda aka yi shi, sai da na ji ƙofa ta rufe.

Na dawo gida ba gishirin. Ban ko cire takalmi ba na ɗauki cokali na buga bututu sau uku, don in gaya mata. Gidan sama a kulle yake, Traian bai yanke abin da zai yi da shi ba. Na tsaya da cokalin a hannu har na ji sanyinsa.

Da la'asar na hau da makullinta, wai zan ba furanninta ruwa. Barkonon da muka zura yana rataye a kicin. Na kunna rediyon, na tsaya a tagarta, a daidai inda takan tsaya. Can hawa na huɗu, a ƙetaren filin, gilashin kicin ɗin Gavril ya yi fari da tururi.

Na jawo kujerarta na zauna ina kallo. Na daɗe a wurin.